Kwana huɗu na yi a hanya zuwa wurin Yayana, aka kai mani abinci ɗaki ni kaɗai

Maman Nafisa, Bagalam:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina kwananku, ya iyali. Akwai abin da ke cina a rai tun da na dawo daga Gana sati biyu ke nan. Na kasa gaya wa Innarmu don kada ranta ya ɓaci, shi ya sa na kawo shi nan inda akwai manya, akwai kuma masu 'yan'uwa a waje.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 19 a Kumasi yana harkar albasa, irin wadda ake lodawa daga Galmi da Madawa. Can ya yi aure, matarsa Bahaushiya ce haifaffiyar zango, suna zaune Aboabo da 'ya'yansu huɗu. Rabonsa da Maradi tun rasuwar Babanmu, shekara 8. Bana na ce zumunta a ƙafa take, tunda shi bai samu zuwa ba ni bari in je. Na sayar da jajayen awakina biyu, na cika da kuɗin adashe, na yi katin rigakafin shawara, na hau kar. Konni, Dogon Dutsi, Doso, Gaya. Gadar Gaya tana rufe kamar yadda take tun 2023, sai da kwale-kwale muka ƙetare Kwara zuwa Malanbil, ni da kayana a kan cinya ina ta salati. Daga nan Paraku, Kwatano, Lome, Aflawo, Akra, sannan Kumasi. Kwana huɗu, ƙafafuna duk sun kumbura.

Tsarabar da na ɗauka ba ta kanti ba ce. Hatsi tiya shida, kukar da Inna ta daka ta tankaɗe da hannunta, daudawar batso, busasshiyar kuɓewa, ƙuli-ƙuli, aya, da soyayyar fara don na san Yaya da son ta tun yana yaro.

Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, tarba an yi mani ta. Yaya har da ƙwalla. Matarsa ta ɗora mani ruwan wanka, babbar ɗiyarsu ta bar mani ɗakinta. Bayan isha'i sai ga tire: dafa-duka, rabin kaza, lemo mai sanyi. Yarinyar ta durƙusa ta aje, ta fita, ta ja mani ƙofa. Ina zaune bakin gado ina jin su a falo, ƙarar cokula, yara suna dariya, muryar Yaya yana tsawata wa ƙaramin. Ni kuwa ga ni da rabin kaza da bango huɗu. Na ce yau dai don gajiya ne. Da safe koko da ƙosai, ɗaki. Da rana wannan shinkafa da waken nasu mai ja, ɗaki. Kwana uku haka. Wallahi loma ta riƙa tsaya mani a wuya.

Ran na huɗu na ɗaura zane na shiga madafa ba tare da an ce in shigo ba. Na aiki yaro da hatsi inji, na hura gawayi, na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kuka da batso, na shimfiɗa tabarma tsakar gida. Yaya ya dawo kasuwa, tun daga ƙofa ƙamshin daudawa ya tsayar da shi. Ya wanke hannu ya zauna, na aje masa kwanonsa nan gefen tabarma, mu mata muka kewaye namu. Ya yi loma uku bai ce komai ba, sannan ya ɗago ya ce, "Inna ce ta daka kukar nan ko?" Abin da na je nema ke nan, sai da na ƙwato shi da hannuna.

To 'yan'uwa ku gaya mani tsakani da Allah. Kwana ukun nan girmama ni aka yi ko nesanta ni? Kuma in faɗa wa Yaya abin ya yi mani ciwo, ko in haɗiye?

Hajiya Inna ta Mokoyo:
Wa alaikumus salam ɗiyata, barka da dawowa, Allah ya ba da ladan zumunci. Girmama ki aka yi, kada ki bari shaiɗan ya canza maki lissafi. Mu haka muka tashi muka gani. Baƙo in ya sauka a kai masa akushinsa, a ba shi wuri, don ya ci ya ƙoshi ba mai ƙirga masa loma. Wanda ya zauna ya sa wa baƙo ido shi ake zagi. Matar da ta yanka maki kaza ta fid da ɗiyarta daga ɗaki saboda ke, ba ƙinki take ba. Haɗiye, kada ki kai wa Yayanki maganar da za ta zama rigima tsakaninsa da iyalinsa ke kina nan Maradi.

Ɗan Zariya 2:
Hajiya ki gafarce ni, ban yarda ba. Baƙo daban, ƙanwar maigida daban. Wadda suka sha nono ɗaya, suka lashi tukunya ɗaya, yaushe ta zama baƙuwar da za a ja wa ƙofa? Daren farko na ji, gajiya. Kwana uku fa? Ni laifin Yayan nake gani. Shi ya san gidan da ya fito.

Hajiya Inna ta Mokoyo:
Yaro, gidan da ya fito ɗin ma maza a zaure suke ci, mata a ciki. Yaushe rabon da ka ga magidanci a Maradi yana tsoma hannu kwano ɗaya da ƙanwarsa?

Maman Nafisa, Bagalam:
Hajiya gaskiyarki, ban nemi kwanonsa ba. Tabarmar nake nema. In ga yana ci, in ga yadda 'ya'yansa ke ci, wa ke son ƙanzo, wa ke tsince albasa. A gidanmu Baba na zaure amma muna jin sa yana cewa a ƙaro miya.

Uwar Biyu, Liyon:
Salamu alaikum. Yaya Maman Nafisa, na karanta har na yi hawaye, amma ki bar ni in yi magana da bakin waccan matar, don ni ma matar wa ce a ƙasar wani, shekarata 11 a Faransa.

Ba ku san tsoron da muke ji ba in an ce dangin miji na zuwa daga gida. Sati guda ba na barci. Na san duk abin da aka gani gidana sai ya isa Maradi kafin baƙon ya isa: ba ta iya tuwo ba, 'ya'yanta ba su jin Hausa, ta mallake shi, sun ci nama sun ba ni romo. Ba cewa nake ke haka kike ba. Cewa nake ita ba ta san ki ba, sunanki kawai ta sani da muryarki a waya. Abin da za ta iya kare kanta da shi ɗaya ne, ta ba ki abin da ya fi nasu, ta aje ki inda yaro ba zai yi maki rashin kunya ba. Ina iya rantsuwa kazar da aka kawo maki ba ita suke ci a falo ba.

Lokacin da uwar mijina ta zo mana wata biyu, gidanmu ɗaki biyu ne da falo, tebur ɗaya. Mu nan ƙarfe 7 na yamma kowa ke zama tebur a ci tare, don safe kowa ya watse, yara lakkol mu aiki. Na rasa yadda zan yi. In zauna gabanta in ci, ni da aka koya wa ba a cin abinci gaban suruka? In kai mata ɗaki, ta ce na ware ta? Kwana biyar ina cin nawa a tsaye a madafa bayan kowa ya tashi. Ita ce da kanta ta kama hannuna ranar na shida ta ce, "Zauna ɗiyata, nan ba Maradi ba ne, kunyar ta isa haka." Da ba ta faɗa ba da har ta koma ban zauna ba. Babba shi ke buɗe wannan ƙofar, ko kuma wanda ya zo daga gida. Ke kin buɗe ran na huɗu. Da kin buɗe ran na biyu ina ganin da murna za ta karɓa.

Kada ki bi ta wurin Yaya. Ki kira ta ita, ai abokiyar wasanki ce.

Ɗan Zariya 2:
Wannan magana ta shiga. Amma dai har yanzu ban ga abin da ya hana Yayan leƙowa ya ce "taho mu ci" ba.

Malam na Limanci:
Bismillah. Ta fuskar shari'a babu wanda ya yi laifi. A Suratun Nur aya ta 61 Allah ya lissafo gidajen da mutum zai ci a cikinsu ba tare da ƙunci ba, har da gidan ɗan'uwa da na 'yar'uwa da na baffa da gwaggo da kawu, sannan ya ce babu laifi ku ci a tare ko a rarrabe. Duka biyun an halatta. Sai dai falala tana wurin haɗuwa. Sahabbai sun kai kuka ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa suna ci ba su ƙoshi, ya ce wataƙila a rarrabe kuke ci, ku haɗu kan abincinku ku ambaci sunan Allah za a sa maku albarka. Saboda haka abin da zuciyarki ta nema, Malama, abu ne mai asali, ba son rai ba ne.

Ki kuma lura da wani abu. Hadisi ya ce liyafar baƙo kwana uku ce. Kwana uku aka yi ana kai maki, ran na huɗu kika shiga madafa ba wanda ya tare ki. Ki kyautata masu zato.

Baba Direba, Sabon Gari:
Ku ba tsoho wuri. Na yi shekara 30 bisa hanyar kurmi da babbar mota, kuma Kumasi aka haife ni, sai a 1969 muka taho, lokacin da gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su bar ƙasar. Ina da shekara 9, ban manta ba, a bayan mota bisa buhuna muka iso.

Ɗiyata, abin da aka yi maki tsarin zango ne, kuma ya girmi Yayanki ya girmi matarsa. Zango ai sunansa ya faɗa maki, masaukin fatake ne. Kakanninmu da ke zuwa Gwanja sayen goro, su kai kanwa da baƙin rini da fata su sauka Salaga, daga baya kasuwar ta koma Kumasi, kowane ayari yana da maigidan da yake sauka wurinsa. Maigida ya ba ka ɗaki, ya aje maka kuɗinka, ya nemo maka mai saye, kuma matansa su dafa a kai maka har ɗaki safe da dare. Darajar gida a zango ita ce a ce baƙonsu bai taɓa fita neman abinci ba, bai kuma taɓa ganin tukunyarsu ba. Mahaifiyata da kwano goma take rabawa kowane dare, ni ke kaiwa ɗaki ɗaki, in durƙusa in aje in ja ƙofa, daidai yadda yarinyar nan ta yi maki. Matar Yayanki abin da uwarta ta koya mata ta yi. Ta ɗauke ki babbar baƙuwa daga Hausa, don su can duk wanda ya zo daga nan sai ka ji sun ce ya zo daga Hausa, da girmamawa suke faɗi.

Ku duba ma abincin nasu. Shinkafa da waken da kika ce mai ja, karan dafi ake sa mata, kuma sunan da duk Gana ke kiranta da shi daga kalmarmu ta wake ya fito. Tuwon da suke sayarwa da miyar lalo, tuwo zafi suke ce masa har Ashantawa. Koko, ƙosai, hura, duk hannun mutanenmu ne ya kai su. Sai dai tuwon nasu na masara ne da garin rogo, ya fi namu laushi da santsi. Mutumin da ya tashi da tuwon hatsi, ko shekara nawa ya yi can, wannan ɗan ƙarfin da ƙamshin ba su barin harshensa. Shi ya sa Yayanki ya yi shiru.

Ni dai a hanya ban taɓa cin abinci ni kaɗai ba. Da ni da yaran mota kwano ɗaya, ƙarƙashin mota, ko gari ne da ƙuli. Saboda haka na san abin da kika ji. Amma ba ƙi ba ne.

Maman Nafisa, Bagalam:
Baba Allah ya ƙara girma. Wallahi haka suka riƙa cewa, maƙwabta na shigowa gaishe ni, "ga baƙon da ya zo daga Hausa." Da farko na ɗauka wani namiji ake nufi. Ashe su Hausarsu ba ta raba mace da namiji. Ɗiyar Yaya sai ta leƙo ta ce mani "Gwaggo ka ci? Ka ƙoshi?"

Ɗan Abijan:
Ni akasin naki na gani Yaya, bari in faɗa don a ji ɗaya gefen. Na je wurin kawuna a Ajame, su bakwai ne ɗaki ɗaya, duk 'yan ƙasarmu, masu tura kaya da masu sayar da garba, wato acaken nan da soyayyen kifin tuna da mutanenmu suka shahara da shi har sunan Garba ya bi abincin. Da dare roba ɗaya ake ajewa tsakiya, kowa ya sa kuɗinsa aka dafa. Ni ban sa ko dala ba. Ina sa hannu sai in ga kowa na rage lomarsa yana turo kifi gabana. Na takwas a robar mutum bakwai, mutanen da suka wuni cikin rana. Kwana goma na yi ban ƙoshi ba ko sau ɗaya, ba don an hana ni ba, don na kasa. A ranar da na samu an zuba mani nawa daban da na fi sakewa. Cin kwano ɗaya da daɗi, amma in ka san halin da masu kwanon ke ciki yana da nauyi.

Tanti ta Ali Ɗan Sofo:
Abin ya danganta da yawan zuwa. Ni ƙanwata na aure Katsina, ƙasar waje ce a takarda, amma daga nan zuwa can ta Ɗan Isa da Jibiya bai kai tafiyar Konni ba. Ko lokacin da aka rufe iyaka daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, da kuma na 2023 zuwa Maris 2024, ba mu yanke ba. In na je ni ke buɗe tukunya in zuba wa kaina. Wa zai kawo mani tire? Shekara 19 ba ki taka gidan ba, dole ki zama baƙuwa. Ba laifinki ba ne, nisa ne da tsadar hanya.

Uwar Biyu, Liyon:
Tunda ana maganar tsaraba, don Allah masu zuwa Turai ku daina sa kilishi da cuku a jaka. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da duk abin da aka yi da nono daga ƙasashenmu. Uwar mijina kilishin jika ashirin ta ɗauko wa jikokinta, a filin jirgi aka karɓe gabanta, ta yi kwana biyu tana maganarsa. Kuka, kuɓewa busasshiya, yaji, garin hatsi, da su muka samu muka yi tuwo.

Ɗan Zariya 2:
Amurka ma haka, nama ba ya shiga. Ƙanena na Girinsboro, shi ya gargaɗe mu.

Maman Nafisa, Bagalam:
'Yan'uwa na dawo. Na bi shawarar Uwar Biyu, jiya bayan magariba na kira matar Yaya. Na fara da wasa, na ce matarmu kin kulle ni ɗaki kwana uku kamar amarya. Sai ta yi shiru, sannan ta ce "Wallahi Gwaggon yara, kullum sai na zo bakin ƙofar in tsaya in koma." Ta ce Yaya ne tun kafin in iso ya tara su ya ce ƙanwata ta sha hanya, kada yaro ya dame ta, kada a bar ta ta taɓa ko tsintsiya, a yanka mata kaza. Su kuwa daren farko banku suka ci da miyar kuɓewa, ta ji tsoron in gani in ce abin da ake ba ɗan'uwana ke nan. Ta ce ranar da na shiga madafa ta ji kamar an sauke mata dutse, amma kuma ta kwana tana tunanin ko girkinta ne bai yi mani ba. Ashe ita ma da nata ciwon.

Akwai kuma abin da ban faɗa maku ba da farko don raina a ɓace yake. Ran na biyu yarinyar ta bar ƙofar a buɗe, ni na tashi na rufe, don kada su ga ina kuka.

Sauran kwana goma sha biyun da na yi duk tsakar gida muka ci. Na koyi cin fufu, ba a taunawa, haɗiyewa ake. Ƙaramin, mai sunan Babanmu, daren farko ya ƙi tuwon, ya ce miyar na wari. Da safe na yi ɗumame na zuba man gyaɗa, sai ga shi ya matso ya zauna jikina, ya cinye ya miƙo kwano. Farar kuwa Yaya ɓoye ta ya yi a ɗakinsa yana ci kaɗan kaɗan, yara na kallonsa suna mamaki.

Ɗan Zariya 2:
To ai ga shi, na ce Yayan ne. Da niyya mai kyau, amma shi ne. Ni dai in na je wurin nawa tun a tasha zan gaya masa kada a kai mani komai ɗaki.

Hajiya Inna ta Mokoyo:
Alhamdu lillahi da ba ki kai wa Inna ba. Yanzu sai ki ba ta labarin loma ukun nan da tambayar da ya yi, za ta ji daɗi.

Maman Nafisa, Bagalam:
Na gaya mata yau da safe Hajiya. Ba ta ce komai ba, ta tashi ta ɗauko turmi. Matar Yaya ta ce kukar ta kusa ƙarewa, batso ma saura dunƙule biyu, kuma tana son in yi mata bayanin yadda ake tuƙin hatsi don nata yana yin gudaji. Baba Direba, ko ka san mai motar albasa amintacce da zai sauka Kumasi cikin watan nan?

Baba Direba, Sabon Gari:
Akwai yaron da na koya wa mota, yana lodi Galmi. Zan tambaye shi ranar tashinsa in gaya maki. Ki zuba kukar a leda biyu ki ɗaure, ki sa cikin bokiti mai murfi, don damshin kurmi na sa ta dunƙule. Batso ki ƙara shanya ta kwana biyu, ki naɗe daban, in ba haka ba duk kayan mutane sai sun ɗauki ƙamshinta. Maganar gudaji kuwa ki ce mata ta dama ruɗen da ruwan sanyi tukuna, ta bar shi ya dahu sosai kafin ta fara zuba gari.